Farin ƙafar doki ya koma ja: yadda ake dawo da shi kafin ranar hawa

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ke kula da dokin kawuna a nan Aboabo, Kumasi. Bikili ne, wato jan doki mai baƙin geza da wutsiya, ƙafafunsa uku farare, ɗaya ta baya farin ya hau har kusan gwiwa. Kawu zai hau shi ranar Babbar Sallah cikin tawagar sarki, saura kwana goma. Farin duk ya koma ruwan ɗorawa, wani wurin ma ja, na wanke da Omo bai fita ba. Wani ya ce in sa Parazone, wani ya ce in shafa masa farar ƙasar da ake shafe bango. Wanne zan bi?

Amsa: Ina amsawa ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaida mini kawun naka. Cikin shawarwarin nan biyu kada ka ɗauki ko ɗaya, Omon ma ka mayar wa masu wanki abinsu. Kwana goma sun ishe ka in yau za ka fara, sai dai ba daga sabulu ake farawa ba.

Ka sami wanda zai riƙe maka ragama, ka tsuguna ta gefen dokin, ba ta bayansa ba. Tsugunno nake nufi, kada ka sa gwiwa a ƙasa, don in ya zabura ka iya miƙewa. Ka buɗa gashin farin wurin da yatsa ka dubi fatar da ke ƙarƙashi. Za ka tarar ja-ja ce, ba baƙa ba irin ta sauran jikinsa. Duk farin ƙafa da farin goshi haka suke: sinadarin da ke ba fata da gashi duhu, wanda likitoci ke kira melanin, babu shi a wurin tun daga haihuwa. Shi ya sa gashin ba ya iya ɓoye dauɗa. Baƙar ƙafarsa ɗin nan guda ɗaya ita ma dauɗar da ke jikinta ke nan, ido ne kawai ba ya gani. Shi ya sa kuma fatar ba ta jure rana, ba ta jure laima, ba ta jure sabulu mai kaifi yadda baƙar fata ke jurewa. Duk abin da za ka ɗora a kan gashin nan sai ya sauka a kan wannan fatar, to da ita za ka riƙa auna kowace shawara da aka kawo maka.

Dauɗar kuma ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa wanki ɗaya bai fitar da ita ba. Jan da kake gani ƙasar Kumasi ce. Tsatsar ƙarfe ce ke ba jar ƙasarmu launinta, ga ta da laushi ƙwarai, tana shiga jikin silin gashi ta zauna. Ruwan ɗorawar kuwa fitsari ne da kashi, kuma shi ya fi taurin kai, don ba a sama yake tsayawa ba, rina gashin yake yi a hankali, kullum dare, duk lokacin da dokin ya tsaya ko ya kwanta a inda ya ɓata. In ɗanyar ciyawa kake ba shi, kashin zai yi ruwa ya riƙa fantsama a ƙafafun baya, na kuma tabbata waccan mai dogon farin ita ta fi ba ka wahala. Akwai wani kuma da ba a cika lura da shi ba, wato ruwan wankin kansa. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu na da ƙarfe, ka ɗebo shi garau, ya kwana a bokiti ka tarar ja ya kwanta a gindi. In irinsa ne a gidanku, ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da ruwan famfo ko ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta.

Lokacin ma bai taimake ka ba. Wannan Babbar Sallah ta faɗo ne a tsakiyar babbar daminar Kumasi. Dawakinmu kuwa yawanci daga arewa ake gangaro da su, arewacin Gana, Burkina Faso, Mali, Nijar, inda ƙasa ke bushe fiye da rabin shekara. Tun asali ƙasar Asante ba ta kiwon doki ba ce, ƙudan tsando da cutar sammore da yake kawowa ne suka hana. Ƙafar da ta saba da rairayi ita ce yanzu ke kwana cikin taɓo.

Saboda haka, tun kana tsugune, ka kai yatsa cikin kwarmin nan na bayan ƙafa, tsakanin kofato da idon sawu. Nan ruwa ke maƙalewa, nan igiyar dabaibayi ke gurza, nan kaska ke son kamawa. Ka lallaba ka ji ko akwai ɓamɓaroki, ko gashi ya dunƙule tsibi-tsibi, ko tsaga, ko wurin ya fi sauran ƙafar zafi. Ka lura kuma ko dokin na janye ƙafa in ka taɓa. In ka ja tsibin gashi ya taho da ɓawo, ƙarƙashinsa ɗanye jajir, to wannan ciwon fata ne ba dauɗa ba. Makiyaya sun san ɗan'uwansa a jikin shanu, shi ne kirci. Ƙwayar cutar, Dermatophilus congolensis, a Kwango aka fara gano ta a 1915, kuma abu biyu take jira: laima mai daɗewa da ɗan rauni a fata. Akwai wasu ƙwayoyin da ƙananan ƙwari da ke kawo irin wannan a ƙafar doki, amma ƙofar shigarsu duka ɗaya ce. Ka ga ke nan mutumin da ke wanke farar ƙafa kullum da buroshi mai ƙarfi, ya bar ta a jiƙe, da hannunsa yake buɗe musu ƙofar, alhali yana ganin gata yake yi wa dokin.

In ka sami haka, ka ajiye maganar kwalliya a kan wannan ƙafar. Ka rage gashin wurin da almakashi, ka wanke da maganin wanke ciwo, chlorhexidine ko Betadine, da aka tsinka da ruwa, ka bar shi minti biyar zuwa goma, ka ɗauraye, ka busar sarai. Kada ka ɓamɓare ɓawon yana busasshe, ka bari ya yi laushi ya saki don kansa. In wurin ya bushe ka shafa man zinc oxide, irin wanda ake shafa wa jarirai in kunzugu ya ci musu fata. Tawul da buroshin da suka taɓa wurin kada su taɓa wata ƙafa ko wani doki, kai ma ka wanke hannu, don cutar na iya kama fatar mutum. Amma in kumburi ya fara hawa sama, ko dokin na ɗingishi, ko zafin jikinsa ya wuce digiri 38.5 a ma'aunin Celsius, ko ka ga ƙuraje sun jeru a layi suna bin ƙafa suna fashewa da mugunya, aikin ya wuce hannunka. Ka kira likitan dabbobi ranar nan. A Kumasi akwai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, akwai kuma makarantar koyon likitan dabbobi a jami'ar KNUST, ba ka da uzuri. Haka nan in ka ga farin wurare ne kaɗai ke saɓa suna tsagewa, ƙafa da hanci, baƙin wuri kuwa lafiya lau, wannan rana ce ke ƙona shi, wani lokaci kuma alama ce hantarsa ta taɓu saboda wata ciyawa da ya ci. Shi ma likita zai duba. Ka je ka gaya wa kawu gaskiya cikin ladabi tun da sauran kwanaki. Gara ya nemi aron wani doki da a ɗora masa nauyi a kan ƙafa mai ciwo a cikin taron jama'a.

Bari in koma kan shawarwarin abokan naka, don ka sami abin gaya musu. Parazone bilicin wankin kaya ne mai sinadarin kulorin, kuma cin gashi yake yi. Gashi da kofato abu guda aka yi su da shi, kulorin na lalata shi, sai gashin ya yi kaushi, ya riƙa karyewa, ya koma ruwan ɗorawa fiye da da. Gashin da ya ci ya huje kuma ya fi saurin shan dauɗa, wankin gaba sai ya fi wannan wuya. Jan ƙasar ma da kake son fitarwa ba ya fitar da shi, domin kulorin ba ya narkar da tsatsa, ƙara kafa ta yake yi. In ya haɗu da fitsarin da ke wurin turke kuma yana tayar da iska mai yaji da ke shiga ido da ƙirji, naka da na dokin. Na ga dokin da aka yi wa haka ana gobe hawa. Safiya ta waye ƙafa ta kumbura ba ya yarda a taɓa, garin neman gira aka rasa ido. Farar ƙasar bango kuwa ƙonannen dutse ne, in ta sami ruwa ko gumi cin fata take yi, tambayi kowane magini yadda take yi wa hannu. Fenti, farin man takalmi, man bilicin, maganin rina gashi na shagon gyaran kai, duk ka sa su a layi ɗaya da ita. Omo bai kai su sharri ba, amma yana kwashe maiƙon da ke kare fatar, kuma da wuya a ɗauraye shi tas daga cikin kwarmin nan, abin da ya rage shi ke tsaga fata. Wasu na sa haidurojin ɗin wanke ciwo mai kashi 3 cikin ɗari. A ƙarshen wutsiyar kili, wato farin doki, inda babu fata, ban cika yin faɗa ba. A ƙafa ban yarda ba.

Babban aikinka na kwanakin nan a wurin turke yake. In dokin zai koma ya kwana a kan ƙasar da ta sha fitsarin watanni, duk wankin da ka yi asara ne. Ka kankare wannan ƙasar da shebur ka fitar, ka zuba yashi mai tsabta, ka ɗan tada wurin ta yadda fitsari zai gangare ya bar ƙafafunsa. In akwai wani busasshen wuri mai rumfa a gidan, ka mayar da turken can na kwana goman. A kan yashin ka shimfiɗa ɓurɓushin katako da kauri. Ana samunsa wajen masu aikin katako a Sokoban, amma ka zaɓa da ido: ka nemi na farin katako irin na itacen da ake kira wawa, ka guji na jan katako, don in ya jiƙe rini yake fitarwa, sai ka wayi gari ƙafa ta yi launin shayi. Ɓurɓushin da ya fito daga bakin injin gogewa ya fi dusar zarto, ita ƙura ta yi mata yawa, tana sa doki tari. Ɓuntun shinkafa ma ya yi in ka samu busasshe. Kashi kuwa ka riƙa kwashewa da zarar ka gani, musamman na ƙarshe kafin ka kwanta da na farko bayan asuba. Ka rage masa ɗanyar ciyawa a hankali ka ƙara harawa, kashin zai ɗaure. A hankali na ce, sauya wa doki abinci rana guda ciwon ciki yake kawowa. Dabaibayi in dole ne, ka naɗe igiyar da tsumma mai laushi, ka kuma riƙa sauyawa in ya jiƙe.

Kilisa kada ka daina, dokin da ya yi kwana goma a ɗaure ranar hawa hauka zai yi wa kawu. Amma in kun dawo da taɓo a ƙafa, ba lallai ka watsa ruwa ba. Ka bari ya bushe ka kaɗe da buroshi mai laushi, ya fi fita kuma fatar ba ta jiƙa ba.

Wanki na sosai sau uku ya isa: yau, tsakiyar mako, da jajibere. Ka fara kaɗe busasshiyar ƙasa tukuna, in ba haka ba kwaɓa ta za ka yi ka tura ta cikin gashi. Sannan ka jiƙa da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Sabulun salo ya yi, shamfu na jarirai ya fi shi sauƙi. Da yatsu da soso mai laushi za ka cuɗa, har kumfar ta kai gindin gashi, ka bar ta minti biyar tana aiki yayin da kake kan ƙafa ta gaba. Yawancin mutane nan suke kuskure, suna ƙara ƙarfin guga maimakon su ba sabulu lokaci. Ka ɗauraye har sai ruwan da ke sauka ya zama garau, sannan ka ƙara ɗaurayewa. Inda fitsari ya rina, ka kwaɓa bakin soda, wadda ake sa wa kek, da ruwa kaɗan, ka shafa a gashin, minti biyar, ka wanke. Inda jan ƙasa ya ƙi fita, tsami ne maganinsa, don tsami na narkar da tsatsa: farin ruwan khal kofi ɗaya, ruwa kofi huɗu, ka jiƙa tsumma ka danna a wurin minti biyu ko uku ka ɗauraye. Kada ka haɗa sodar da khal a mazubi guda, kumfa kawai za su yi su kashe juna. Khal ɗin kuma sai a fata lafiyayya, in akwai tsaga ko ƙanƙanuwa ce zai gaya maka da shuri. Lemon tsami na san shi ya fi kusa da hannu, amma ban so, ruwansa in ya zauna a farar fata rana ta doke shi yana iya ƙona ta.

Busarwa rabin wankin ce. Ka matse ruwan da hannu daga sama zuwa ƙasa, ka bi da tawul, ka cusa shi cikin kwarmin bayan kofato har ka ji ya bushe. Sannan ka tsayar da dokin a kan siminti ko tabarma a inuwa mai iska. Kada ka mayar da shi turke da sauran laima.

Bayan duk wannan za a sami ɗan ruwan ɗorawa da ya riga ya shige cikin gashi, sabulu ba ya kai masa. Nan bula ke shigowa. Dabarar da iyayenmu mata ke yi wa farar riga ce: bula ba ta cire komai, ɗan shuɗin da take bari ne ke kashe ruwan ɗorawa a ido, sai abu ya fito fari tas. Shamfu mai launin shunayya da ake sayarwa don farin doki a Ingila da Amurka a kan wannan hikimar aka yi shi. In ka samu wajen masu kayan dawaki a Accra, ka tsinka shi da ruwa, ka bar shi minti uku zuwa biyar, ka ɗauraye. In babu, bula ta kasuwa ta isa. Ka sa ɗan kaɗan ƙwarai a cikin bokiti cike, ka motsa har ta narke duka, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi amma kana hango gindin bokitin. Ka tsoma farin tsumma ka gani, in ya fito shuɗi ka ƙara ruwa. Da wannan za ka yi ɗaurayar ƙarshe. Ka gwada ta a wankin tsakiyar mako, a ƙafa ɗaya, kada jajibere ya zama ranar gwajinka. In ta yi yawa dokin zai fita da shuɗiyar ƙafa, kuma yaran Aboabo ba za su bar kawu ya manta ba har wata Sallar.

Aski na taimakawa, domin bakin gashi shi ya fi daɗewa yana shan rini, in ka rage shi na ƙarƙashi ya fi haske. Sai dai ka yi shi saura mako guda, ba ana gobe ba. Sabon aski yana bayyana jan fatar, ƙafa ta fito ja-ja maimakon fara, ga layin inji, ga rana na samun fatar kai tsaye. Injin askin dabbobi mai baki lamba 10 yana barin gashi wajen milimita 1.5, kada ka yi ƙasa da haka, reza kuwa ko kusa. In dokin bai san ƙarar inji ba, kwana goma ba lokacin koya masa ba ne, ka ɗauki mataji da almakashi mai dasasshen tsini ka bi a hankali. Tukkun gashin nan na bayan idon sawu ka daidaita shi kawai, kada ka ƙwalƙwale, shi ke ɗigar da ruwan sama ƙasa ya hana shi gangarawa cikin kwarmi.

Hoda ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙanƙantar aikin duk da ita mutane ke fara tambaya. A kan ƙafa mai tsabta tana ƙara haske, a kan mai dauɗa toka-toka take komawa. Abin da ba ya cutarwa uku ne: garin sitacin masara, hodar jarirai, da farin yumɓun nan da mata ke saye a kasuwa, ayilo, wanda ake haƙowa a Anfoega ta yankin Volta. Shi sai ka zaɓi wanda ya fi fari, don wani toka-toka ne, ka daka ka tankaɗe. Allin makaranta dakakke ma ana amfani da shi. Turawan Ingila da ke fita baje koli da manyan dawakinsu masu gashi buzu-buzu a ƙafa, Shire da Clydesdale, garin farin katako suke cusawa ya shanye ruwa sannan su bi da alli. Namu gashin gajere ne, ba mu bukatar wannan wahala. Hanya biyu ce. Ko dai ka barbaɗa a tafin hannu ka shafa a ƙafa tana da ɗan sanyin wanki, ka bi kwanciyar gashi, ko ka kwaɓa da ruwa ya yi kauri ka shafa da soso, ka bari ya bushe ƙarau, ka kaɗe da buroshi har ƙura ta daina tashi. Ta biyun ta fi daɗewa. Ni na fi son yumɓu ko alli a kan sitaci a wannan lokacin na damina, don sitaci in ya sha gumi da ruwa danƙo yake yi, ƙura ta manne masa. Cikin kwarmin bayan kofato kada ka cusa komai, ba wanda zai leƙa can. Ka kuma tsaya daidai inda farin ya tsaya, ka goge abin da ya hau kan jan gashi da ɗanyen tsumma. Wasu kan so su ƙara tsawon farin don ƙafafu su zo daidai, ko su yi wa ta huɗun fari don a ce doki mai ƙafa huɗu farare. Masu doki ba sa ruɗuwa da wannan, kuma gumin farko zai tona.

Za a ce maka ka ɗaure ƙafafun da bandeji daren Sallah don kada su ɓaci. Dabara ce mai kyau a hannun wanda ya iya. Ana naɗa auduga mai kauri tukuna daga ƙasan gwiwa har ta rufe idon sawu, sannan bandeji a kanta, matsi ɗaya daga sama har ƙasa, yatsa na iya shiga ta baki, kuma ba ya wuce awa 12. Ƙafar kuma sai ta bushe sarai kafin a rufe ta. In ya matse a wuri guda yana danne jijiyar bayan ƙwauri ta kumbura, wannan kuwa jinyar watanni ce. Don haka in ba ka taɓa yi a gaban wanda ya sani ba, ka bar shi. Ka zuba sabuwar shimfiɗa mai kauri, ka tashi kafin asuba ka goge abin da ya taɓa da tsumma da ruwan ɗumi, ka busar, ka sa hodarka da safe. Igiyar roba ko ƙyallen da aka ƙulle a ƙafa don riƙe safa kada ka kuskura.

Kofato ma ka duba, don farar ƙafa yawanci farin kofato ne da ita, shi ma yana nuna dauɗa. Ana cewa farin kofato bai kai baƙi ƙarfi ba, zance ne kawai, tsagarsa ce ta fi fitowa a ido. Ka wanke shi da buroshi da sabulu tun jajibere, ka ƙwaƙule cikinsa. Kada ka kankare shi da wuƙa ko takardar guga don ya yi fari, akwai wani siririn rufi mai sheƙi a samansa da ke riƙe masa laima, kuma kofato ba ya wuce wajen santimita ɗaya a wata wajen tsiro, abin da ka kankare zai daɗe bai dawo ba. Man kaɗanya ɗan kaɗan ya isa ya ba shi sheƙi. Ka fara hoda, ka goge wadda ta zuba a kofato, sannan mai. In ka juya tsarin hodar za ta manne a man. Baƙin man inji da wasu ke shafawa guba ne, ga shi yana hawa ya ɓata farin gashin da ka sha wahala a kai.

Ranar hawan ka ɗaura sirdi da duk kayan ado kafin ka taɓa ƙafafu, ita ce aikin ƙarshe kafin kawu ya sa ƙafa a likkafa. Ka sa tsumma biyu a aljihu, ɗanye da busasshe, da ɗan ƙullin hoda, ka jawo dokin ta kan kwalta ko busasshen wuri zuwa inda ake taruwa, can sai ka ƙara gyarawa. Da an fara tafiya kuma ka ƙyale shi, farin zai riƙe na sa'a biyu ko uku na farko, lokacin da ake kallo da ɗaukar hoto ke nan. Kada ka riƙa kutsawa ƙarƙashin doki cikin kiɗa da harbin bindiga wai za ka ƙara hoda.

In kun dawo gida, ko ka gaji, hodar nan ba za ta kwana a jikinsa ba. Ta sha gumi da ƙurar hanya, in ta kwana tana busar da fatar ta tsage. Ka wanke da ruwa zalla, ka busar, ka sake bin ƙafafun da yatsa, don a cunkoson hawa dawaki na taka juna kuma kofaton baya na dukan na gaba. In ka sami yanka, komai ƙanƙantarsa, ka wanke da Betadine ɗin nan, ka tambayi kawu yaushe rabon dokin da allurar tetanus. Doki na cikin dabbobin da wannan cuta ta fi saurin kashewa, in an daɗe ba a yi masa ba a kira likita washegari.